Robot mai wanke kwamin ninkaya: mai waya zan saya ko mai batir?

Maman Sadik:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara kafin in zuba kuɗi a abin da zan zo ina da-na-sani. Muna da kwamin ninkaya a gida, tsawonsa mita 10 faɗinsa mita 5, zurfin ya fara daga mita 1.2 ya gangara har mita 1.8 a ɗaya ƙarshen, duk cikinsa tayil ne ƙanana masu santsi, sai matakala huɗu a kusurwa ɗaya. Mu ba don shaƙatawa muka damu da shi ba, mahaifiyata ce likita ya ce ta riƙa tafiya a cikin ruwa saboda gwiwoyinta, kullum da safe sai ta yi minti 30 a ciki, kuma wallahi tun da ta fara muke ganin sauƙi, yanzu har matakalar bene tana hawa ba sai an riƙe ta ba, shi ya sa ba na so ko rana ɗaya ta tarar da ruwan da datti ta ce yau ta fasa.

To matsalar ita ce akwai wata babbar bishiya kusa da katanga, ganye ba ya ƙarewa, ga kuma wata ƙura mai laushi kaman gari da ke kwanciya a ƙasan kwamin, da ka taɓa ta da burushi sai ta tashi ta gauraya ruwan, bayan awa biyu ta koma ta kwanta inda take. Ni ce nake wankewa da doguwar sandar nan mai burushi da tiyon tsotsa, sau uku a sati, kowane wanki awa ɗaya da rabi, bayana ya fara ciwo gaskiya. Sannan akwai wani baƙin layi mai maiƙo da yake fitowa daidai bakin ruwa a jikin tayil, wannan kam sai na durƙusa na dirje da hannu.

Na ga ana tallar robot ɗin da ake jefawa cikin ruwa ya yi ta yawo yana gogewa yana tsotsewa da kansa, sati biyu kenan ina kallon bidiyo ina karanta bayanai amma kaina ya ƙara ɗaurewa, kowane kamfani cewa yake nasa ya fi. Wasu masu waya ne, wasu batir ne ba waya ko ɗaya, wasu da manhaja a wayar salula, wasu suna hawa bango wasu ƙasa kawai. Ni zuciyata ta fi karkata ga mai batir saboda tsoron wayar lantarki a cikin ruwan da Mama take shiga. Shin tsoron nan nawa yana kan hanya? Kuma me ya kamata in duba kafin in saya? Zai iya kwashe wannan ƙurar mai laushi kuwa? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban Zara:

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ni aikina kenan kula da kwamin ninkaya da gyaran injinansa, na daɗe ina buɗe cikin waɗannan na'urori, to bari in faɗa miki abin da na gani da idona, ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Da farko ki tabbata robot ɗin gaske kike kallo, domin masu wanke kwami iri uku ne kuma a hoto duk suna kama da juna. Akwai wanda ake haɗa shi da tiyo zuwa bakin tsotsar kwamin, ƙarfin famfon kwamin ne yake tafiyar da shi, duk dattin da ya kwasa yana tafiya ne cikin matatar gidan, wato kin ƙara wa matatarki aiki. Akwai wanda ruwa mai ƙarfi yake turawa, shi kuma galibi sai an sa masa ƙarin famfo na daban, yana da jaka a bayansa, yana da kyau wajen manyan ganye amma ƙura mai laushi wucewa take ta jakar. Na uku shi ne robot, injinsa a jikinsa, matatarsa a jikinsa, bai dogara da famfon gidan ba, ko famfo a kashe yake zai yi aikinsa. Ke na ukun kike buƙata, a nan kam ba ki yi kuskure ba.

Maganar tsoron waya, na fahimce ki ƙwarai amma ba wutar soket ce take shiga ruwan kai tsaye ba. Akwai akwati da yake zama a waje nesa da ruwa, shi yake sauke wutar gida zuwa ƙasa da bolt 30 kafin ta bi wayar ta shiga robot ɗin. Kuma da mai waya da mai batir dokar ɗaya ce, ba a shiga ruwa robot yana ciki, a fito da shi tukuna. To in dai za ki riƙa sa shi da yamma ki cire, Mama ta shiga da safe, ba za su taɓa haɗuwa ba.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci a wajenki, matata. Dattinki iri biyu ne kuma ba matata ɗaya ce take kama su ba. Ganye yana son kwando mai faɗi da raga mai manyan idanu don kar ya toshe da wuri, ƙura kuma tana son matata mai ƙananan ƙofofi, irin mai lanƙwasa-lanƙwasa kaman filtar iskar mota. Ana auna ƙofofin da maikiron, silin gashin mutum wajen maikiron 70 ne, ragar ganye tana kaiwa 150 zuwa 200, kin ga ƙurar da kike cewa kaman gari za ta shiga ta gaba ta fita ta baya, robot ɗin ya zama kaman burushin naki, tayar da ita kawai zai yi. Ki nemi wanda yake zuwa da matata biyu a kwali, ta ganye da ta ƙura, ko mai kwando biyu ɗaya cikin ɗaya. Ranar da iska ta zubo ganye da yawa ki fara zagaye ɗaya da ragar ganye, ki wanke, sannan ki sa ta ƙurar. In kika fara da ta ƙura za ta toshe cikin minti kaɗan, tsotsar ta mutu, kuma da tsotsar ta mutu ba zai iya hawa bango ba domin ƙarfin ruwan da yake fesowa ta sama ne yake manne shi da bangon. Mutane da yawa suna kawo min nasu wai ya lalace ya daina hawa bango, ina buɗewa sai in ga matata ce kawai ta cika. Sannan ki zaɓi wanda kwandonsa ta sama ake ciro shi, masu jaka ta ƙasa sai kin kifa na'urar kin kwance, kin juya jakar kin wanke, bayan wata ɗaya za ki gaji da shi.

Na biyu tayil ɗinki. Kin ce mai santsi ne, to wannan magana ce babba. Burushin roba mai haƙora da yawancinsu suke zuwa da shi yana kama siminti da leda sosai amma a tayil mai santsi zamewa yake, ya hau rabin bango ya sulɓo. Na tayil shi ne burushi mai soso, ko haɗaɗɗe roba da zoben soso. Ki tambayi mai sayarwa a rubuce, wannan samfurin da wane burushi yake zuwa, kuma ana samun na soso da zai shiga jikinsa? Ki ɗauki mai bel irin na tankar yaƙi maimakon mai taya, ya fi riƙe bango da gangaren da ke tsakanin wurin mara zurfi da mai zurfi. Kuma tunda baƙin layin nan yana damunki, ki lura hawa bango daban, goge bakin ruwa daban, wani yana hawa ya taɓo sama ya sauko, wani kuma yana tsayawa a bakin ruwan yana tafiya gefe-gefe yana dirzawa, na biyun kike so, ki ga an rubuta shi ƙarara a bayanin.

Tsawon waya kuma ki yi lissafi da kanki kar ki dogara da abin da aka rubuta a kwali. Daga kusurwa zuwa kusurwar kwaminki mita 11.2 ne. Akwatin wuta yana zama aƙalla mita 3.5 daga bakin ruwa, ki ƙara zurfi kusan mita 2. In soket ɗinki yana wajen kusurwa kin ga kin doshi mita 17, sai mai waya mita 18. In kuma akwatin zai zauna daidai tsakiyar dogon gefen, wajen mita 13 ya isa, mai mita 15 zai yi. Ki tabbata wayar tana da mahaɗi mai juyawa, shi yake hana ta murɗewa ta cukuikuye, wanda bai da shi kullum kina warware waya a rana.

Ni a ra'ayina ga kwami mai girman naki da bishiya a kai, mai waya zan ce ki saya. Ƙarfin tsotsarsa ɗaya ne daga farkon aiki har ƙarshe, in zagaye ɗaya bai isa ba ki danna ya sake nan take, ba jiran caji. Wutar da yake ci ma kaɗan ce, wajen wat 150 zuwa 200, awa biyu bai kai rabin yunit ba, alhali famfo mai ƙarfin doki ɗaya ya haura wat 700. Sunayen da suka daɗe a harkar akwai Dolphin na kamfanin Maytronics wanda aka kafa tun 1983, akwai Polaris da Zodiac da suke ƙarƙashin Fluidra na Sifen, akwai Hayward. Ban ce lallai sai su ba, amma duk wanda za ki saya ki fara bincika ana samun bel ɗinsa da burushinsa da matatarsa da wayarsa daban-daban? Waɗannan ƙarewa suke kaman tayar mota, in babu su a kasuwa to ranar da bel ɗaya ya tsinke na'urar gaba ɗaya ta zama kayan ajiya.

Fa'iza_M:

Anti sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki hidimar da kike wa Mama. Baban Zara ya yi bayani mai kyau kuma ban isa in ja da shi a kan aikinsa ba amma ni mai batir nake amfani da shi shekara biyu kenan kuma ina so ki ji ɗaya ɓangaren, domin akwai abin da bai taɓo ba kuma ke ya fi shafa tunda kin ce bayanki na ciwo, wato nauyi. Mun fara da mai waya a gidanmu, a kwali an rubuta kilo 10 da wani abu, amma lokacin da za ki ciro shi cike yake da ruwa, sai kin durƙusa a bakin kwami kin janyo shi kusa kin kama hannunsa kin riƙe shi a gefe ruwan ya tsiyaye sannan ki ɗaga, bayan nan ga naɗe waya mita 18 jiƙaƙƙiya, ga akwati a mayar ciki. Wallahi akwai ranakun da nake kallon dattin in ce gobe, saboda kawai wahalar fitarwa da mayarwa. Na'urar da kike jin nauyin ɗaukowa ba za ta wanke miki komai ba ko ta fi kowacce ƙarfi.

Mai batir ɗin da na koma bai kai wancan nauyi ba, ina jefa shi in tafi harkata, in ya gama sai ya je ya tsaya a gindin bango, in sa ƙugiyar da ta zo da shi a kan sandar burushi in janyo shi sama. Ba waya a ƙasa da yara za su yi tuntuɓe da ita, kuma ga tsohuwa mai ciwon gwiwa wannan ma abin dubawa ne. Akwai sababbi ma da suke tasowa saman ruwa da kansu su zo gefe in sun gama.

Amma gaskiya ɗaya ce, yana da nasa. Kwaminmu bai kai naku ba, mita 7 ne, kuma babu bishiya. Shekarar farko yana yin sama da awa biyu a caji ɗaya, yanzu ya ragu sosai, haka batir yake duk irinsa, kuma caji yana cin awa uku zuwa huɗu, to in bai gama ba sai dai gobe. Hawa bango yana shan batir fiye da yawo a ƙasa, lokacin da suke rubutawa a talla galibi na ƙasa kawai ne. Sai maganar manhaja, kar ki ƙara ko sisi saboda ita a mai batir, waifai da bulutut ba sa ratsa ruwa, da ya nutse shikenan wayar salula ba ta ganinsa, sai dai ki saita kafin ki jefa. Mai waya ne ake iya tuƙawa daga wayar salula yana ƙasa saboda saƙon ta akwatin yake bi ya gangara ta kebul.

In kin tsaya a kan mai waya to ki saya da kekensa na turawa, ki duba kuma wanda yake zubar da ruwan cikinsa da sauri in an ɗaga. In mai batir ne ki tambaya ana canza batir ɗin in ya mutu ko a rufe yake ruf.

Injiniya_Sabo:

Hajiya ni lantarki na karanta, zan yi magana a kan tsaro kawai. Tsoronki ba laifi ba ne amma kin ajiye shi a inda ba nan haɗarin yake ba. Wayar da ke cikin ruwa ƙaramar wuta ce kaman yadda Baban Zara ya ce, inda ake samun matsala shi ne waje, soket da akwatin, nan ne cikakkiyar wutar gida take. Dole soket ɗin ya kasance yana bayan na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, RCD ake ce mata, a Amurka GFCI, ta miliamf 30 ko ƙasa, kuma tana da maɓallin gwaji, ki riƙa dannawa lokaci-lokaci ki ga ta katse. Kar a yi jonin ƙarin waya a ja ta a ƙasa kusa da ruwa, in soket ya yi nisa a kira mai aikin wuta ya kafa sabo mai murfi. Akwatin kar ya zauna inda ruwa yake taruwa ko cikin rana tsaka, kuma a nisanta shi yadda ko an fizgi wayar ba zai faɗa kwamin ba.

Mai batir kuma haɗarinsa ba a ruwa yake ba, a wajen caji yake. Batirin litiyom ne babba a cikin na'urar da kullum take jiƙe. A watan Agustan 2023 hukumar CPSC ta Amurka mai kula da lafiyar kayan masarufi ta sanar da janye wani samfurin Aiper mai suna Elite Pro saboda batirin na iya yin zafi ya jawo ƙuna ko gobara. Ban kawo wannan don in ɓata wani kamfani ba, janye kaya ma alama ce ta ana bibiya, na kawo ne don ki san rashin waya ba ya nufin rashin kula. A goge wurin cajin ya bushe ƙarau kafin a jona, a yi amfani da cajar da ta zo da shi kawai, a yi caji a inuwa a kan siminti ba kusa da labule ko katifa ba, kuma kar a jona a je a kwanta barci.

Abu na ƙarshe in daga wata ƙasa za ki yi oda, ki karanta jikin akwatin ko cajar. Wasu na bolt 110 zuwa 120 ne kawai, wasu 220 zuwa 240, wasu suna karɓar duka. In kika jona na 120 a wutar 230 nan take zai ƙone kuma garanti ba ya ɗaukar wannan.

Maman Sadik:

Kai, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi abin da na fahimta yau ya fi na sati biyun da na yi ina kallon bidiyo. Injiniya na je na duba, soket ɗin da ke kusa da kwamin ba shi da wannan maɓallin gwajin, zan sa a zo a duba allon wutar gidan kafin komai. Fa'iza ƙanwata maganar nauyi ta shige ni sosai, ban taɓa tunaninta ba, ni dai ƙarfin tsotsa nake ta kwatantawa. Na auna kuma soket ɗin yana wajen kusurwa ne ta ɓangaren mai zurfi, kenan mita 18 in mai waya ne.

Baban Zara ina da sauran tambaya in ba damuwa. Wani lokaci in an yi zafi sosai ruwan yana ɗan yin kore-kore, bango ya yi santsi, robot ɗin zai magance wannan? Sannan matakalar nan huɗu ita ce inda Mama take takawa tana riƙe da ƙarfe, nan ne na fi tsoron santsi, zai hau ya wanke ta? Kuma zan iya barinsa cikin ruwan kawai in saita masa lokaci ya riƙa tashi da kansa, in huta da ɗagawar? Akwai kuma wanda ya ce zai sayar min da nasa na hannu, shekara uku yana amfani da shi, wai lafiyarsa ƙalau.

Baban Zara:

Ba damuwa Hajiya. Maganar Fa'iza gaskiya ce, na yarda da ita a kan nauyi, ki je inda za ki iya ɗaga samfurin da hannunki kafin ki biya, in ba hali ki cika bokiti da ruwa lita 12 ki ɗaga shi daga ƙasa kina durƙushe, kusan abin da za ki riƙa ji kenan. Kuma ba a ɗaga shi da waya, ana janyo shi a hankali ya zo kusa ne sannan a kama hannun, ɗagawa da waya shi yake kashe mahaɗin.

Koren ruwa ba aikin robot ba ne, wannan gansakuka ce kuma magani take so. In ruwa ya fara kore to kulorin ya yi ƙasa ko pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya hau ko famfo ba ya samun isassun awanni, zafi da rana suna cinye kulorin da sauri. Kwaminki yana ɗaukar wajen lita 75,000, robot mai kyau yana tace wajen lita 15,000 a awa, awa biyu ko rabin ruwan bai bi ta cikinsa ba, kuma ba ya kashe komai, kwashewa kawai yake. Ki riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin 1 zuwa 3 a ma'aunin gwajin ruwa, famfo da matatar gida su ci gaba da aikinsu kaman da. Inda yake taimakawa shi ne gogar da yake wa bango a kai a kai tana hana gansakukar samun wurin kamawa. Ranar da kika zuba kulorin mai yawa don kashe kore kar ki sa shi ciki, littafin Dolphin ma cewa ya yi kar kulorin ya wuce 4, ki bari ya sauko tukuna. In kuma kin zuba maganin nan mai dunƙule datti ya kwantar da shi ƙasa, da tiyo za ki tsotse ki zubar waje, in robot ya shiga ciki matatarsa liƙewa za ta yi. Ganyen da ke yawo a saman ruwa ma ba ya kama shi sai ya nutse, ragar hannunki tana nan da amfaninta.

Matakala kuwa zan faɗa miki gaskiya don lafiyar Mama, kar ki dogara da shi a nan ko me aka rubuta a talla. Faɗin taki ɗaya sau da yawa bai kai tsawon na'urar ba, kuma na sama-sama ruwansu bai da zurfin da zai rufe ta, da ta shaƙi iska sai ta juya ta sauka. Zai iya wanke na ƙasa ɗaya ko biyu, sauran ki ci gaba da bi da burushi da kanki, aikin minti uku ne, ki turo dattin ƙasa kafin ki jefa robot ɗin sai ya kwashe. Ki duba murfin magudanar da ke ƙasan wurin mai zurfi ma, in ya yi tudu sosai wasu suna hawa kai su maƙale suna ta juya bel a banza, ki ɗauki hotonsa ki nuna wa mai sayarwa.

Barinsa cikin ruwa, akwai masu taima na sati, ana yi in mutum zai yi tafiya, amma kullum-kullum ban ba ki shawara ba. Kulorin yana cin roba da zoben da ke hana ruwa shiga injin, kuma ke da Mama take shiga kowace safiya dole ne ma a fito da shi. Ga kwandon da yake so a wanke bayan kowane aiki, in datti ya bushe a jikin matatar ƙura da wuya ta koma daidai. Ki ɗauraye shi da ruwan famfo, ki ajiye a inuwa a kan kekensa yadda burushin ba zai danne a ƙasa ya lotse ba.

Na hannu mai shekara uku, garantinsu galibi shekara biyu ne zuwa uku, kenan ya ƙare ko yana gab. Abin da ya fi tsada a jikinsa shi ne injin, a rufe yake ba a cika gyara shi ba sai dai a canza gaba ɗaya, kuma ba a gane lafiyarsa da ido. In kina so duk da haka, ya kawo shi kwaminki ya yi cikakken zagaye a gabanki daga farko har ya kashe kansa, ba minti biyar ba, ki ga ya hau bangon tayil ɗinki har sama, ki bi wayar da hannu ki ji ko akwai tsagewa ko inda aka naɗe da salatif, ki leƙa farfelar sama ko gashi da zare sun naɗe ta. In ya ce ba zai kawo ba ki haƙura da shi. Sabo kuma ki saya wajen dilan da kamfanin ya amince da shi, ki karɓi rasit mai lambar na'urar, domin wasu kamfanonin ba sa karɓar garanti in ba ta hannun dilansu aka saya ba, ki tambaya kuma in ya samu matsala ina ake kai shi kuma wa zai biya kuɗin aikawa.

Maman Sadik:

Na gode ƙwarai Baban Zara, na gwada bokitin, zan iya ɗagawa amma ba kullum ba, to mun yi magana da Sadik shi zai riƙa fito da shi da daddare in ya dawo, ni in wanke kwandon. Mai waya mita 18 zan nema, mai bel da burushin soso da matata biyu da keke. Na hannun na ce ya kawo ranar Asabar mu gani a cikin ruwa, ya ce burushinsa na roba ne, to zan fara bincika ko ana samun na soso na wannan samfurin kafin ranar. Matakala kuma na riga na goge ta yanzu da yamma.